Kafin ka shiga filin tsere: yadda zaka zaɓi hular kwano da zata tsare maka kai da gaske

Duk wanda ya fara sha'awar tseren mota ko na babur, ko dirif ɗin nan, wato wasan zamiya da mota, da samari ke yi a Abuja da Kano da Kaduna, abu na farko da yake zuba wa kuɗi shine inji, sai taya, sai salansa mai ƙara, ita kuwa hular kwano sai ranar fita fili ake tunawa da ita, a ari ta wani ko a tsaya bakin titi a sayi irin ta 'yan achaba. Wannan abin yana damuna sosai wallahi, saboda inji in ya buga za'a sauke shi a ɗora wani, ƙafa in ta karye akwai masu ɗori akwai asibitin ƙashi, amma ƙwaƙwalwa in ta taɓu shikenan, wani ya rasa magana wani ya rasa tafiya wani ma rai gaba ɗaya. Hukumar lafiya ta duniya ta daɗe tana faɗa cewa hular kwano mai kyau da aka ɗaura daidai tana rage haɗarin mutuwar mai babur da wajen kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da wajen kashi 69, kuma wannan a titi ne fa inda ba'a gudun da ake yi a fili.

Toh kafin ka je shago ko ka buɗe wayarka ka fara duba hotuna, ka fara da tambayar masu shirya wasan da zaka shiga, wace irin hula suke karɓa, wace lamba ce dole ta kasance a jikinta. Wannan shine matakin farko kuma shine wanda mutane suka fi tsallakewa. Duk tsere na ƙa'ida yana da masu binciken kaya da safe kafin a tashi, zasu ɗaga soson cikin hularka su duba sitika, in ba wadda ke cikin dokarsu bace ko nawa ka saye ta bazaka hau fili ba. A Najeriya ƙungiyar ATCN ce ke wakiltar FIA, wato hukumar tseren motoci ta duniya, kuma akwai filin tsere na gaske a Evbuobanosa ta jihar Edo, saboda haka maganar ƙa'ida ba maganar turawa bace kawai, ta iso mu. In kuma taron da zaka je babu wanda ke duba hular kowa, to wannan ma ya gaya maka wani abu game da taron, kai sai ka zama mai binciken kanka.

Abu na biyu da nake so ya zauna maka, hular babur daban hular mota daban, ko da a ido kamarsu ɗaya. Mai babur in ya faɗi yana barin mashin ɗin ne, ya bugu da ƙasa sau ɗaya da ƙarfi sannan ya yi ta gurzuwa a kwalta, kuma yana buƙatar ganin gefe da gefe sosai, shi yasa tagar idon hularsa take da faɗi. Mai mota kuwa yana ɗaure a kujera cikin kejin ƙarfe, in motar ta wuntsila kansa zai bugi bututun kejin nan sau biyu sau uku a jere, sannan ga babban abin tsoro wato wuta, don fetur yana kusa kuma fita tana ɗaukar lokaci. Saboda haka hular mota ana gwada ta da bugu a kan ƙarfe mai siffar bututun keji, ana kuma gwada ta da wuta, soson cikinta da madaurinta na yadin da baya kamawa ne irin su Nomex, gilashin fuskarta ma yafi kauri. Wanda ya ga haɗarin Romain Grosjean, direban Formula 1 wato babbar gasar tseren motoci ta duniya, a Bahrain a Nuwamban 2020, motar ta rabe biyu ta kama da wuta ya yi kusan daƙiƙa 28 a ciki ya fito da ƙunar hannu kawai, ya san me ake nufi da kayan da basa cin wuta. Soson hular babur nailan ne, narkewa yake a fata.

Yanzu lambobin. Sunan da zaka fi gani shine Snell, wata gidauniya ce a Amurka da aka kafa a 1957 bayan wani ɗan tsere mai suna Pete Snell, wanda shima ba sana'arsa bace sha'awa ce irin tamu, ya rasu a 1956 lokacin da motarsa ta kife hular da ke kansa bata tsare shi ba. Abokansa da likitoci suka ce dole a samu mai gwada huluna wanda ba ɗan kasuwa ba. Suna sabunta ma'auninsu duk shekara biyar, shi yasa zaka ga SA2015, SA2020, sai SA2025 da ya fara aiki a Oktoban 2025. Harafin gaba shine zaka duba: SA na mota ne, M na babur, K na go-kat wato 'yar ƙaramar motar tsere mara rufi, CMR kuma na yara masu go-kat. Yawancin masu shirya tsere suna karɓar ma'aunin da ake ciki da wanda ya gabace shi, wasu suna ɗaga ƙafa su haɗa da na ukun, ma'ana in ka sayi SA2015 yau don ka ganta da araha to ka sayi abin da ke dab da fita daga layi, SA2020 kuwa har yanzu tana da sauran shekaru kuma shaguna suna rage mata kuɗi don su kwashe tsohon kaya, ni a ganina ita ce cinikin da yafi dacewa da mai farawa in dai ranar ƙera ta bata yi nisa ba.

Ita FIA tana da nata, 8859-2015 da sabonsa 8859-2024 sune na gama-gari, sai 8860-2018 wanda shine na ƙoli. Wanda ake sawa a Formula 1 shine 8860-2018 mai ƙarin ABP, an ƙara masa sulke a goshi an rage tagar ido, kuma tushen wannan shine abin da ya faru da direba Felipe Massa a tseren Hungary a 2009 lokacin da wani sifirin ya ɓalle daga motar gabansa ya same shi a saman ido. Kai da zaka yi tseren ƙarshen mako da tsohuwar BMW ko Golf baka buƙatar wannan, kuɗinta ya kai dala dubu uku zuwa sama, kar wani ya ruɗe ka. Hula mai SA ko 8859 ta wadatar, da yawa ma suna ɗauke da sitikar biyun.

Masu babur ku naku ECE ne, ma'aunin Turai, tsohon 22.05 sabon 22.06 wanda aka ƙara masa gwajin bugu a karkace, irin wanda ke murɗa kai, kuma wannan murɗawar ita ke yawan yi wa ƙwaƙwalwa illa. Alamar tana ɗinke a jikin madaurin haɓa, da'ira ce da harafin E da lambar ƙasar da ta tantance, E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya, E11 Birtaniya, sai doguwar lamba da ta fara da 05 ko 06, sai harafi, P na nufin an gwada haɓar hular tana karewa, J na nufin buɗaɗɗiyar fuska ce, NP kuma haɓar tana nan amma ado ce bata karewa. Akwai kuma Snell M, akwai ta FIM, hukumar tseren babura ta duniya, da ake sawa a babbar gasar babura ta MotoGP tun 2019. Sai DOT ta Amurka, ita wannan ka yi hankali da ita, ba wai ma'aunin banza bane amma kamfani ne da kansa yake cewa kayana sun cika sharaɗi ya manna sitikar, gwamnati sai daga baya take ɗaukar wasu ta gwada, don haka sitikar DOT ita tafi kowacce sauƙin bugawa a jabu, kuma filaye da yawa basa karɓarta ita kaɗai.

Maganar jabu kam dole mu tsaya a kanta don kasuwarmu cike take. Mu da muka ga 2009 lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta hular kwano har wasu 'yan achaba suka riƙa ɗaura ƙwarya da hular leburori don su wuce jami'ai, mun san cewa a nan an saba sayen hula don a tsira daga kamu ne ba don a tsira daga kwalta ba, kuma masu shigo da kaya sun gane haka suna kawo abin da ya yi kama da hula. Ka fahimci yadda abin yake aiki sai ka gane jabu da hannunka. Kwanon waje, ko na roba mai tauri ko faiba ko kabon, aikinsa ya baza ƙarfin bugun ya hana abu mai tsini shiga. Amma ainihin mai ceton rai shine farin abin nan mai tauri da ke ƙarƙashinsa, dangin wanda ake sa wa talabijin da firiji a kwali ne amma an matse shi an auna taurinsa. Ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai kamar kindirmo take a ƙwarya, in ƙwaryar ta tsaya cak lokaci ɗaya abin ciki zai ci gaba da tafiya ya daki bango, toh farin abin nan shi yake lotsewa a hankali ya ƙara wa kai ɗan lokacin tsayawa. Soson da ke taɓa fatarka na jin daɗi ne kawai da riƙe hular a wurinta.

Saboda haka ka cire soson ka leƙa. Farin ya kamata kaurinsa ya kai wajen santimita biyu da rabi ko fiye, ya rufe ko'ina har da haɓa, in ka danna da babban yatsa kar ya lotsa da sauƙi. In ka ga katifa ce kawai mai laushi aka manna a jikin roba ka ajiye musu kayansu. Ka kama gefen hular biyu ka matsa, ta gaske bata lanƙwasuwa kamar bokiti. Ka ɗaga ta, hula mai rufe fuska ta gaske tana tsakanin kilo 1.2 da 1.8, in ta roba ce mai araha kuma bata kai kilo ɗaya ba akwai abin da aka cire. Ka duba inda madauri ya haɗu da kwano, da ƙusar ƙarfe ake dasa shi ba da gam ba. Sitikar Snell tana ciki ne manne a jikin farin abin, ƙarƙashin soso, da lambarta ta daban, ta FIA tana da tambari mai walƙiya, kuma dukkansu suna wallafa jerin hulunan da suka tantance a intanet kyauta, ka rubuta sunan kamfani da samfurin ka duba kana tsaye a shagon, in babu shi a jerin to babu shi. Hular manyan kamfanoni irin su Arai ko Bell ko Shoei ko AGV ko Stilo da aka ce maka sabuwa ce a kuɗin da bai kai na taya ɗaya ba, ba sa'a ka yi ba, jabu ce.

Sai siffa. Mai babur na kwalta da mai go-kat da duk wanda motarsa bata da rufi, mai rufe fuska gaba ɗaya ce dole, babu zaɓi, haɓa tana cikin wuraren da suka fi shan bugu. Wadda ake ɗage haɓarta sama ta yawon gari ce, filin tsere ba'a cika karɓarta ba. Mai babur na daji da rairayi akwai tasa mai dogon baki da rumfa da ake haɗawa da tabarau na daban, iska tafi shiga kuma ƙura bata taruwa. Mai mota rufaffiya da 'yan rali, wato masu tseren mota a hanyoyin waje ba a zagayen fili ba, an yarda su sa buɗaɗɗiyar fuska, 'yan rali suna sonta saboda makirfon da suke magana da mai karanta musu hanya, amma ni in ka tambaye ni mai rufe fuska zan ce, don gilashi yana fashewa sitiyari yana nan gabanka wuta kuma bata tambayar ko motar rufaffiya ce.

Yanzu ga inda nake so ka fi ba wa lokaci, wato ta zauna maka daidai. Hular dala dubu da ke yawo a kai bata kai ta dala ɗari uku da ta kama kai ba, wannan ba ra'ayi bane, in akwai rata tsakanin kanka da farin abin to kanka zai fara tafiya ya daki cikin hular kafin ta soma aikinta, in ma bata fice ta barka ba. Ka samu tef ɗin tela, ka zagaya kanka da shi ta saman gira da kamar yatsa biyu, ta saman kunnuwa, ta wurin da ƙeya tafi tudu, ka auna sau biyu ko uku ka ɗauki mafi girma. Galibi santimita 55 zuwa 56 shine S, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L, 61 zuwa 62 XL, amma kowane kamfani da jadawalinsa don haka M ɗin wannan ba lallai ya zama M ɗin wancan ba. Kuma awo kaɗai baya isa don kawuna ba siffarsu ɗaya ba, wani kansa zagayayye ne wani dogo ne daga goshi zuwa ƙeya, kai ma ka sani daga yadda hular zanna take zama wa wani ta ƙi wani alhali lambarsu ɗaya. Mai dogon kai in ya sa hular zagayayyen kai zata ci masa goshi ta bar rata a gefe, sai ya ce ta yi kaɗan ya ƙara girma, nan kuma ya ɓata komai, maganinsa canza samfuri ne ba ƙara lamba ba.

In zaka gwada, ka kama madaurin biyu ka buɗa su gefe ka zura kai, ya kamata ta ɗan yi gardama wajen shiga, wadda ta faɗa salin alin ta yi maka yawa. Ta zauna a miƙe, gefen tagar ido ɗan sama da gira kaɗan. Kumatunka su matsu har ka ji in ka yi tauna zaka iya cizon cikin bakinka, haka ake so a sabuwa don soson zai saki bayan ɗan amfani. Ka riƙe ta da hannu biyu ka juya hagu da dama, fatar goshinka da kumatu su bi ta, in hular ce ke zamewa a kan fata ta yi yawa. Ka gwada cusa yatsa tsakanin goshi da soso, bai kamata ya shiga ba. Sannan ka ɗaure madauri, ka sunkuyar da kai, ka sa wani ya kama ƙeyar hular ya tura ta gaba da ƙarfi kamar zai cire maka, in ta fita ko ta rufe maka ido ba taka bace. Bayan duk wannan ka zauna da ita a kai minti 20 zuwa 30, eh a cikin shagon, mai shago ya yi haƙuri, don ciwon da bazaka ji a minti biyu ba shi zai hana ka ganin kwana a zagaye na goma. In ka cire ka duba madubi, matsi ko'ina daidai babu laifi, amma jan tabo a wuri ɗaya a goshi ko saman kunne alama ce siffar bata dace ba. Kamfanoni masu kyau suna sayar da soson kumatu mai kauri daban daban, wani lokacin shi kaɗai zaka canza komai ya daidaita.

Ka gwada ta yadda zaka sa ta ranar tsere. In zaka sa hular fuska ta yadi mara cin wuta a ciki, kuma ya kamata mai mota ya sa, to da ita zaka gwada. Mu masu gemu wannan ya shafe mu kai tsaye, gashi yana kama wuta nan take, dokokin tsere da yawa sun ce mai gemu dole ya rufe shi da ita, kuma tana tsotse gumi ta rage wa soson datti. Kar ka sa hular saƙa ko ta zanna ko rawani a ƙarƙashi. 'Yar'uwa mai sha'awar wannan harka, ki gwada da irin kitson da zaki shiga fili da shi, wanda ya kwanta, banda tulin gashi a ƙeya banda fil ko ribom mai ƙarfe, hular fuskar nan kuma tana rufe gashi da wuya tsaf. Mai gilashin ido ya shiga da shi ya ga ko ƙafafunsa suna wucewa ba tare da sun danne masa gefen kai ba. Mai mota kuma in da hali ka zauna a kujerarka da hular a kai, ka ga ko tana taɓa rufi, a mota mara rufi ana so saman hular ya kasance ƙasa da saman keji da wajen santimita biyar.

Madauri, ka nemi mai zobba biyu na ƙarfe da ake zura igiya a dawo da ita, shi ake karɓa a fili kusan ko'ina saboda baya kwancewa kuma kullum sai ka ja shi daidai wuyanka. Yatsa ɗaya ko biyu ne ya kamata su shiga tsakaninsa da maƙogwaro. Hular da ba'a ɗaure ba tana barin kai tun kafin a kai ƙasa.

Akwai wani abu da mai mota zai duba ko da bai da kuɗinsa yanzu, wasu ramuka biyu masu zare a gefen hular ta baya, na ɗaura abin riƙe wuya ne da ake kira HANS. In mota ta daki bango, bel yana riƙe jiki amma kai da nauyin hular suna wucewa gaba, wuya ya miƙe har gindin ƙoƙon kai ya karye. Haka Dale Earnhardt, wani shahararren direban tsere na Amurka, ya rasu a zagayen ƙarshe na tseren Daytona 500 a Fabrairun 2001, a shekarar NASCAR, hukumar da ke shirya wannan gasar, ta tilasta abin riƙe wuya, Formula 1 ta bi a 2003. Daga SA2015 zuwa sama duk suna zuwa da ramukan a shirye, wani dalilin kenan na ƙin tsohuwar hula. Kar ka taɓa kai wa mai walda ko makanike ya huda maka, ko don HANS ko don kyamara, huda ɗaya ta soke tantancewar. Ka kuma sani shi HANS na asali da bel ɗin tsere mai bi ta kafaɗu biyu yake aiki, ba da bel ɗin mota na gida ba.

Kuɗi. Hular mota mai SA ta faiba daga kamfanoni irin su Zamp ko ƙananan samfuran Bell da Sparco da OMP tana farawa daga wajen dala 200 zuwa 400, matsakaita 500 zuwa 900, kabon daga dubu zuwa sama, ka ƙara kuɗin jirgi da na kwastan. Abin da zaka riƙe shine duk hular da ke ɗauke da sitika iri ɗaya ta ci jarrabawa iri ɗaya, ƙarin kuɗin yana sayo maka rashin nauyi ne da iska mai kyau da ɗinki mai laushi. Rashin nauyi yana da amfani ga wuya ba ƙarya, amma in kuɗinka ƙayyadadde ne gara ta faiba da abin riƙe wuya da hular fuska a kan ta kabon ita kaɗai. Iska kuwa a zafinmu na Maris da Afrilu ba ado bace, cikin motar tsere da gilashi a rufe mutum na iya jin jiri, don haka ka duba ramukan iska na gaba da na sama, ka zaɓi fara ko mai haske in akwai, ka tabbata soson yana cirewa a wanke. Lokacin hunturu da ƙura ka nemi siraran ledojin nan da ake jerawa a kan gilashi ana yage su ɗaya bayan ɗaya. Baƙin gilashi na rana ne kawai, ka ajiye fari na yamma.

Tunda da wuya ka samu hular SA a shagunan kusa, yawanci oda za'a yi daga waje ko a ba wa mai dawowa saƙo, kuma mayarwa in bata yi ba wahala ce. Dabarar ita ce ka je inda 'yan wasan ke taruwa ka roƙi masu irin samfurin da kake so ka gwada tasu, ka tuna tasu ta riga ta saki, sannan ka yi oda daga dillalin da kamfanin ya san da shi, ka ce ya turo maka hoton sitikar ciki da ta ranar ƙerawa kafin ka biya.

Gwanjo kuma a'a, ko daga Beljiyam ta zo ko daga hannun aboki. Farin abin nan sau ɗaya yake aiki, in ya lotse baya dawowa, kuma kwanon waje zai iya zama garau yana sheƙi alhali ciki ya gama mutuwa, babu yadda zaka gane da ido sai dai in ka san tarihinta tun daga kwali. Ko bata taɓa faɗuwa ba gumi da man gashi da zafi suna cin gam da soso, shi yasa Snell da yawancin kamfanoni suke cewa a canza bayan kamar shekara biyar ana amfani. Yara ma haka, kar a saya wa yaro babba wai zai girma a ciki, kar kuma a sa masa ta manya don wuyansa bazai ɗauki nauyin ba, a go-kat na ƙa'ida 'yan ƙasa da shekara 15 hular CMR ake nema musu saboda an yi ta da sauƙin nauyi daidai jikinsu.

In ta zo hannunka ka kula da ita. Kar ka barta a but ɗin mota a rana, kar ka kifa ta a kan tankin babur don tururin fetur yana cinye farin abin, kar ka rataye ta a madubi don tsininsa yana lotsa ciki. Ruwa mai ɗumi da sabulu mara ƙarfi sun isa wanki, a shanya a inuwa, banda fetur banda tina, fentin gwangwani kuma yana iya sa kwanon roba ya yi rauni, in kana son zane ka tambayi kamfanin irin fentin da ya halatta. In ta zame daga kujera babu kai a ciki galibi ba komai, ka duba tsagewa dai, amma in ka yi haɗari kanka na ciki ya bugu to ta gama aiki ko babu ƙwarzane, ka yanke madaurin kafin ka yar don kar wani ya tsinta ya kai kasuwa.

Abokan da kuke fita tare su ma ka koya musu abu ɗaya, in wani ya faɗi kar a ruga a fizge masa hula, wuyansa na iya zama a karye kuma fizgar ce zata ƙarasa shi. A buɗe gilashin a yi masa magana a ga yana numfashi, a riƙe kan kar ya motsa har masu agaji su iso. Sai in baya numfashi ko yana amai ne za'a cire, shima mutum biyu, ɗaya ya tallafe wuya da haɓa ɗaya ya zare a hankali. Huluna da yawa na yanzu suna da wata jar igiya a ƙasan soson kumatu da ake ja soson ya fito hular ta saki, in kana zaɓe tsakanin biyu ka ɗauki mai ita, ka nuna wa abokanka inda take, ka kuma rubuta sunanka da rukunin jininka a gefen hular ta baya da sitika.